Busa sigari a rufaffen wuri: dokar jiha irin ta Legas ce mafita?

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana shari'a da kuma 'yan'uwa mazauna Legas. An ce jihar tana da dokarta ta ƙashin kanta wadda ta hana shan sigari a cikin gidajen abinci, ofisoshi, motocin haya da sauran wuraren taruwar jama'a, har da tara. Gaskiya ne? Kuma tana aiki? Abin da ya sa nake tambaya, gidan kallon ƙwallo nake da shi, rufin kwano, taga biyu, ranar babban wasa kuwa ba masaka tsinke. Akwai samarin da ba sa iya jira a tafi hutun rabin lokaci, sai dai ka ga ashana ta haska a layin baya. In na yi magana su ce kuɗinsu suka biya. Ni dai ra'ayina, majalisar jiharmu ta kwafo ta Legas kawai, in samu takardar da zan manna a bango, magana ta ƙare. Me kuka gani?

Dan_Agege:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne abin da ka ji. Fashola ne ya sa mata hannu a farkon 2014, aka ba mutane wata shida su kintsa, ta fara aiki a watan Agustan shekarar. Laifin farko tarar naira 10,000 ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba. In ka sake, naira 50,000 ko wata shida. Wanda ya sha a gaban yaron da bai kai shekara 18 ba nasa hukuncin daban ne. Mai wuri kuma da ya ƙi kafa allon hana shan taba, tasa tarar ta fi ta mashayin nesa ba kusa ba, naira 100,000. Hukumar kula da muhalli ta jihar, LASEPA, aka danƙa wa aikin.

Batun tana aiki kuwa, ya danganta da inda ka tsaya. A manyan kantuna da otal-otal na Ikeja da Victoria Island ba za ka ga mai kunna sigari a ciki ba. Amma ka zo nan wajenmu ka shiga ɗakunan kallo na cikin lungu, ka tambayi mai wurin ko ya san da dokar, zai ce wacce?

Barista_Funtuwa:
Abban Khalifa, ba sai ka jira majalisar jiharku ba. Dokar da kake nema tana nan, ta tarayya ce, kuma ta hau kan kowace jiha. Jonathan ya rattaba mata hannu a watan Mayun 2015, saura 'yan kwanaki ya miƙa mulki, sannan Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Ta hana shan taba a makarantu, asibitoci, wuraren renon yara, motocin haya, filayen wasa, gidajen abinci da sauran wuraren taruwa. Mai sha a inda aka hana, tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka.

Ka lura da wannan domin ya shafe ka kai tsaye: mai wurin da ya ga ana sha ya kau da kai, shi ma dokar ta hau kansa. Wato kai da kake neman takardar da za ka razana su da ita, kai ne wanda za a fara tambaya. Ko da ma babu doka, wurin naka ne, kai ke gindaya sharaɗin shiga. Abin da suka biya kuɗin kallo ne, ba su sayi iskar ɗakin ba.

Abban_Khalifa:
Ikon Allah. Barista, wato ni ne ma a cikin tarkon?

Barista_Funtuwa:
Kai ne a bakinsa.

Baba_Fansho:
Ku yaran yanzu kuna ganin abin sabo ne. Tun 1990, zamanin Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, aka yi dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a silima, asibiti, makaranta, ofis da motar haya. Tarar daga naira 200 zuwa 1,000 ce, kuma a wancan lokacin kuɗi ne masu nauyi. Kafin nan, in ka shiga ofishin babban ma'aikaci, ɗan farantin kaɗe toka yana kan tebur kusa da tawada, masinja ne ke zubarwa da safe. A jirgin sama ma akwai kujerun mashaya a baya. Abuja ta sake shelanta nata hanin a 2008, Osun da Ekiti suka yi nasu dokokin tun kafin Legas. Takarda ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba a ƙasar nan. Abin da ya kori sigari daga ofis a idona kunya ce, ranar da manya suka daina sha a gaban na ƙasa da su.

Kara_Daya:
To bari mu da ake yi da mu mu ce wani abu. Ni ina sha, ban ɓoye wa kowa ba. Gwamnatin da take karɓar haraji a kan kowane kwali, wadda ta yi maraba da kamfani ya buɗe ƙatuwar masana'anta a Ibadan a 2003, ita ce za ta juyo ta ce in biya dubu hamsin don na kunna abin da ta yarda a sayar mini? In guba ce a rufe masana'antar mana. Sannan ku faɗa mini tsakani da Allah, tsakanin karana ɗaya da janareton da Abban Khalifa yake tayarwa a ƙofar gidan kallon, hayaƙin wanne ya fi?

Maman_Ilham:
Malam, ba wanda ya ce kada ka sha. Cewa aka yi ka fita waje. Huhunka naka ne, na ɗana da ke zaune a bencin gabanka ba naka ba ne.

Nas_Sadiya:
@Kara_Daya maganar janareto gaskiya ka faɗa, shi ma a matsar da shi nesa da ƙofa, domin yana iya kashe mutum a dare ɗaya. Amma laifin janareto ba ya wanke sigari.

A ɗakin yara nake aiki. In aka kawo yaro mai asma cikin dare, tun daga ƙofa kake jin numfashinsa yana fito. Ka ɗaga rigarsa ka ga fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk jan numfashi, ramin maƙogwaro yana zurmawa, ba ya iya haɗa kalma uku. Sau da yawa ba na buƙatar tambaya, zanen goyon da kansa yake faɗa mini, warin taba ya kama shi. In na ce wa uwar, "Babansa yana sha a ɗaki?" sai ta sunkuyar da kai ta ce ai yana buɗe taga.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya ne ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa, su ba su taɓa sa kara a baki ba. Tun 1981 wani likita a Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba sa sha amma mazajensu na sha sun fi kamuwa da sankarar huhu. A kan wannan aka gina duk dokokin nan. Ba don a raba ka da ita aka yi su ba, don wanda ke kusa da kai ne.

Kara_Daya:
Anti Nas, ni ba na sha a gida. Ko mahaifiyata ba ta taɓa gani a hannuna ba.

Maman_Ilham:
Ashe ka san inda ake jin kunya. Mu ne ba ka jin kunyarmu.

Bakano_a_Bronx:
Tunda maganar dokar jiha ake, bari in ba ku labarin nan Amurka, don a nan ne abin ya zama na jihohi sosai. Gwamnatin tarayya ta hana a jiragen sama da gine-ginenta, amma babu wata dokar ƙasa baki ɗaya da ta hana sha a gidan abinci ko mashaya. Kowace jiha da tata. Mu nan New York muka buɗe hanya a 2003, birnin ya fara a watan Maris zamanin magajin gari Bloomberg, jihar ta biyo a watan Yuli. Ina aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a lokacin. Kafin dokar, in na tashi aiki sai na ƙulle kayana a leda kafin in shiga ɗaki, ga tari kullum da asuba, ni da ban taɓa sha ba. Masu wurare sun yi ta kururuwa cewa kasuwa za ta mutu. Ba ta mutu ba. Yanzu ko ƙanƙara ke zuba, za ka ga mutum ya fito bakin titi yana karkarwa yana zuƙar abarsa, ya gama ya koma ciki, ba ɗan sandan da ya tsaya a kansa.

Dalibi_Minnesota:
Yaya Bakano, a yi haƙuri, ba New York ce ta buɗe hanya ba. Kalifoniya ta hana a wuraren aiki da gidajen abinci tun 1995, ta haɗa da mashaya a 1998. Delaware ma ta riga ku, a 2002. In kuma asali ake nema, Arizona ta fara taƙaitawa a 1973, sannan jihar da nake, Minnesota, ta yi cikakkiyar doka a 1975. Sai dai waccan ta 1975 raba wuri kawai ta yi, ɓangaren masu sha da na marasa sha. Aka shafe shekara 32 a haka kafin a gane rabon ba ya tsinana komai, a 2007 aka hana gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge ni da ta Kalifoniya shi ne a cikin dokar ƙwadago aka sa ta. Hujjarsu ita ce mai cin abinci yana iya canza wuri, amma mai kai abinci tebur yana nan awa takwas yana shaƙa, ba shi da zaɓi. Da aka ɗora maganar a kan haƙƙin ma'aikaci sai gardamar "kuɗina na biya" ta rasa madafa.

Kuma kada a ɗauka ko'ina haka yake. Jihohin da suka hana gaba ɗaya a wuraren aiki, gidajen abinci da mashaya ba su kai 30 ba cikin 50. Yawancin na kudu suna baya, Wyoming ma ba ta da dokar jiha sam, sai dai garuruwa su yi tasu. A New Jersey an hana ko'ina a 2006 amma aka ƙyale gidajen caca na Atlantic City, ma'aikatansu suka yi ta zanga-zanga a kai. Inda kuɗi ya yi nauyi doka takan rusuna, a can ma.

Bakano_a_Bronx:
Ƙanena, Kalifoniya ai ba sanyi, fita waje ba wahala ba ce a wurinsu. A New York aka gwada ta a inda take da ciwo.

Abban_Khalifa:
Na gode ƙwarai, ina ta karantawa. To ga wata shawara da wani abokina ya kawo. Ya ce in ware benci biyu na can baya kusa da taga, in sa musu fanka tana hura hayaƙin waje. Kowa ya samu abin da yake so, ni ma ban rasa kwastoma ba. Dan Agege, na ji kamar ta Legas ma ta yarda da haka?

Dan_Agege:
Ta yarda a wasu wurare kamar otal da mashaya da gidan rawa, a ware abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na wurin ba. Amma makaranta, asibiti, motar haya, babu wannan sassaucin. Kuma masu fafutukar yaƙi da taba sun soki wannan saƙon tun ranar farko.

Nas_Sadiya:
Yaya Abban Khalifa, wannan kamar ka ɗiga kananzir a gefe ɗaya na randa ne ka ce a sha ta ɗaya gefen. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya yanke wannan gardamar: babu wani ɗan adadin hayaƙin da za a ce ba ya cutarwa, kuma raba kujeru ko sa fanka ko na'urar tace iska ba sa kawar da shi. Fanka ma raba shi take yi, kowa ya samu rabonsa.

Dr_Gusau:
Ƙari a kan bayanin Nas. Mutane suna kallon huhu kawai, alhali zuciya ce ke fara jin jiki, domin hayaƙin yana sa jini saurin daskarewa yana kuma takura jijiyoyi cikin ɗan lokaci. A garin Helena na jihar Montana an kafa dokar hani a 2002, ta yi wata shida kotu ta dakatar da ita. A cikin watannin nan waɗanda aka kwantar saboda bugun zuciya sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, da aka janye dokar adadin ya sake hawa. Gari ne ƙarami, don haka ba a rataya hukunci a kansa shi kaɗai. Amma Sikotilan ƙasa ce guda, ta hana a 2006, aka ga raguwar kashi 17 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba mashaya ba ne. Ailan ce ƙasar farko da ta hana a duk wuraren aiki, a watan Maris na 2004, Ingila ta bi a 2007.

A nan gida, binciken da aka yi kan manya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 ne kacal ke amfani da taba. Ku duba ƙanƙantar adadin. Mutum biyar ko shida ne ke cika wa ɗari ɗaki da hayaƙi.

Hajiya_MaiTuwo:
Abban Khalifa, ɗana, tsoron rasa kwastoma ne ke damunka, na gane. Gidan abinci nake da shi kusa da tasha. Da na hana, ba takardar gwamnati na manna ba, kwali na samu yarona ya rubuta da alli. Wasu direbobi sun yi fushi sun koma wajen maƙwabciyata. Na sa musu benci a ƙarƙashin darbejiya a waje, na ce mai so ga wuri nan, har ruwan wanke hannu ana kai musu. Sannu a hankali yawancinsu suka dawo, don miyar ba ta canza ba. Abin da ban zata ba, matafiya mata masu goyo da a da suke tsayawa daga ƙofa su ce a ƙulla musu a leda, yanzu shigowa suke su zauna, har su ƙara da lemo. Amma fa sai ka tsaya da ƙafarka. Ranar da ka ƙyale wani don yana da ƙiba a aljihu, ranar ka rushe komai.

Direban_Sharon:
Hajiya ta taɓo mu. Ni dai a bar direba da hanya. Ka taso daga Legas da daddare, fasinja duk sun yi barci sun bar ka kai kaɗai da kwalta, in ba ka ɗan zuƙa ba me zai riƙe maka ido? Gilas a buɗe yake ai.

Maman_Ilham:
Gilas ɗinka a buɗe, hayaƙin da tokar duk a fuskar na kujerar baya suke sauka. In barci kake ji ka faka ka runtsa, ran mutane ka ɗauko.

Direban_Sharon:
Hajiya, in na faka a dajin nan da tsakar dare ke za ki fara yi mini ihu.

Sarkin_Shakka:
Duk wannan zance ne. Ku ba jami'an ƙasar nan dokar da ta ce dubu hamsin, kun buɗe musu sabuwar hanyar na goro ke nan. Za a kama ɗan acaba da kara a hannu a bakin titi, inda dokar ma ba ta hana ba, a ce ya kawo dubu biyu a kashe magana. Mai babban otal kuwa ko kallonsa ba za a yi ba. Ga shi kuma wasu daga cikin masu kamen su ma mashaya ne, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ni ban ga amfanin ƙara doka a kan doka ba.

Tsohon_DubaGari:
Sarkin Shakka, tsoronka yana kan hanya, amma ka duba inda gizo ke saƙa. Kuskuren shi ne a ce za a bi mashaya ɗaya bayan ɗaya. Ba gwamnatin da ke da ma'aikatan yin haka. Mu da muka yi aikin duba-gari, ba mu taɓa bin ƙuda ba, mai nama muke kamawa in bai rufe namansa ba. Haka wannan. Mashayi yana kunnawa ya kashe cikin minti biyar, kafin ka zo ya tafi. Amma mai wuri yana nan, yana da adireshi, yana sabunta lasisi duk shekara. Ka ce masa in aka zo dubawa aka tarar da guntayen sigari a ƙasa ko babu allo a bango, lasisinsa na cikin haɗari, ka ga yadda zai zama ɗan sandan kansa.

A nan ne nake ganin amfanin dokar jiha, saɓanin Barista. Ta tarayya tana Abuja. Ma'aikatan lafiyar muhalli, masu ba da lasisin gidan kallo da gidan abinci, kotun tafi-da-gidanka, duk na jiha da ƙaramar hukuma ne. In jiha ba ta sa hannunta ba, wa zai taka ya je lungun su Abban Khalifa?

Barista_Funtuwa:
Ranka ya daɗe, ba mu saɓa ba sosai. Jiha tana da hurumin yin tata, muddin ba ta ci karo da ta tarayya ba, in ta ci karo kuwa sashe na 4(5) na tsarin mulki ya ce ta tarayya ce a sama. Abin da nake ƙi shi ne a kwafo ta Legas yadda take. Tarar 10,000 ta 2014 yau nawa take? Ga kuma ƙofar kashi 10 da ta bari a buɗe. In za a yi, a yi wadda ta fi ta tsauri a kan mai wuri. Kuma jihohinmu ba baƙi ba ne a wannan fagen: Kano da Gombe suna cikin waɗanda suka maka kamfanonin taba a kotu a 2007 suna neman diyyar kuɗin jinya, irin yadda jihohi 46 na Amurka suka yi har aka sasanta a 1998 a kan dala biliyan 206.

Ummu_Hanan:
Ni fa sigari ba ita ce ta fi tayar mini da hankali ba yanzu. Shisha ce. Yara mata da ba za su taɓa riƙe kara ba, ga su da tiyo a baki, wai ƙamshin tuffa ne da na'ana'a, wai ruwa ya tace. A zangon Ganduje na biyu an sanar da haramta ta a Kano, amma ai komawa ta yi cikin gidaje.

Dr_Gusau:
Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, shi ya sa ake iya zuƙa da zurfi. Zama ɗaya na kamar awa guda, yawan hayaƙin da ke shiga ƙirji yana iya kai na kara ɗari. Ga gawayin da ke kai yana fitar da irin iskar gubar da janareto ke fitarwa. Ruwanda da Kenya sun haramta ta a 2017, Kamaru da Mali a 2022.

Malam_Almajiri:
Jama'a, mu Musulmi wace doka muke jira? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa. Ya kuma hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci don kada ya cutar da mutane da wari, alhali halal ne cinsu. To ina ga hayaƙin da ke sa ciwo?

Dan_Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, a kan cutar da wani ba gardama. Amma hukuncin ita kanta tabar malamai sun daɗe suna saɓani. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka halatta ta. Sai dai a zamaninsa ba a san abin da likitoci suka sani yau ba.

Malam_Almajiri:
To ai ka ba da amsar da kanka.

Admin_Zaure:
'Yan'uwa, a dawo kan tambayar. Fatawa tana da nata zauren.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu tamu dokar tun watan Mayun 2006 take, ta hana sha a lakwal, likita, biro (wato makaranta, asibiti, ofis) da motocin haya. A cikin manyan motocin safa ana kiyayewa sosai, don kamfanonin da kansu ba su yarda, direba ya kunna a bakin aikinsa. Amma a fada, inda samari ke kwana shan shayi, ba mai zancen doka, kuma ba jandarman da zai je. Abin da Tsohon Duba-gari ya faɗa shi na gani da idona: inda akwai mai wuri da ke tsoron asara, doka na tafiya.

Zango_Kumasi:
Gana ma akwai, cikin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Nan kam ko a bakin titi ka kunna sai an yi maka wani irin kallo, mashaya ɓuya suke yi.

MaiShayi_Fagge:
Ina ta bin ku shiru. Tambayata ɗaya. Rumfata buhu ne da langa-langa, gaba a buɗe, gefe ɗaya katangar masallaci. Ni ina ciki ko ina waje?

Barista_Funtuwa:
A ƙa'idojin yarjejeniyar taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2005, duk wurin da ke da rufi a sama ko bango ko da ɗaya ne, ko da na buhu ne, rufaffen wuri ake ɗaukarsa. In jiha ta bi wannan ma'aunin, kana ciki. Kuma tunda ka fito, dokar 2015 ta hana sayar da sigari kara ɗai-ɗai, sai dai kwali mai 20, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai 18 ba.

MaiShayi_Fagge:
Innalillahi. Barista, ka san nawa buhun sukari yake yanzu? Ribar shayin ba ta kai ta kawo ba, karan nan da nake sayarwa ɗai-ɗai bayan an ci indomi shi ke biyan kuɗin gawayi. Yara kam ba na sayar musu, ko an aiko su korar su nake yi. Amma ka ce leburan da ya wuni yana dakon siminti sai ya sayi kwali guda? Da wane kuɗin?

Kara_Daya:
In aka tilasta mini sayen kwali, ashirin ɗin zan shanye a rana maimakon uku. Ku je ku yi lissafin da kyau.

Nas_Sadiya:
An yi lissafin. Ba don ku da kuka riga kuka saba aka sa wannan ba, don ɗan sakandaren da ke da naira hamsin a aljihu ne, kada ta ishe shi ya fara.

Sarkin_Shakka:
Shekara nawa da hanawar, kuma wane ɗan tireda ne a ƙasar nan ya daina ɓare kwali?

Tsohon_DubaGari:
Ba wanda aka aika ya duba, shi ya sa. Barista, in da gaske ake, ka rubuto mana daftarin a shafi biyu, da Hausa, a sa batun lasisi a ciki. Akwai ɗan majalisar mazaɓarmu da ke zama a gida duk ƙarshen mako, ni zan kai masa da hannuna.

MaiShayi_Fagge:
In za ku rubuta, ku cire rumfar mai shayi tukuna. Ku fara da masu esi.